Na Nuna wa Shaista Wurin Gucinmu

Kaka,

Na fita kina barci, ki yafe mini. Jiya bayan tsawar nan na kai Shaista 'yar mai burodi gindin ƙonannen itacen bayan rafi, inda kike tsinko mana guci, naman kazan nan mai tsada, a ɓoye in ƙanƙara ta narke. So nake in nuna mata naman kaza ɗaya mai ramuka kamar saƙar zuma, in ce haka ta mayar mini da zuciya. Ko kallona ba ta yi ba, sai cewa ta yi, "Ashe nan ne! Inna za ta ji daɗi."

Yanzu na hango ta da uwarta da goggonninta sun nufi wurin, kowa da kwando. Na ruga in riga su. Ki biyo ni da buhu, amma don Allah ki gaishe su da fara'a, surukanki ne in Allah ya yarda.

Ishfak