Muryar Baba a Layin Jinya

Zuwa ga Yayana Lachlan,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Aunty Noreen da yara. Ya zafin Pilbara da aikin haƙar ma'adinai? Allah ya tsare ku. Mu nan Longreach lafiya lau, ƙafar maigidana Desmond ta warke har ya koma tuƙin babbar mota, surutun nan nasa kuwa sai abin da ya ƙaru.

Yaya, hankalina a tashe yake. Ka san bayan aikin asibiti na ƙara da na amsa waya daga gida: mutanen ƙauyukan yankinmu su kira su faɗi ciwonsu, ni in ce a sha magani, ko a taho asibiti, ko a tura jirgin likita. Mu 'yan kaɗan ne a layin. Ranar Talata da hantsi wani dattijo ya kira, tarin farko na gane Baba ne. Shi kuwa da kunnen nan nasa bai gane ni ba. Na danne zuciyata na ci gaba da tambaya kamar baƙuwa. Ya ce tun makon jiya in ya ɗaga dilar ulu sai ƙirjinsa ya danne kamar an ɗora dutse, hannun hagu ya mutu, zufa ta karyo. Ya ce don Allah kada a gaya wa 'ya'yansa, 'yarsa ma nas ce, fitinanniya. Wallahi ban san lokacin da bakina ya kuɓuce na ce masa Baba ba. Sai na ji ƙit, ya kashe.

Na kira gidan gona ya fi a ƙirga. Da ya ɗauka sai ya ce wai yaji ya ci, in daina damun mutane, babu jirgin da zai sauka masa sai an gama askin tumaki. Na je da kaina, ya dafa mini shayi yana tsokanata wai na rame, alhali leɓensa ya yi fari fat. Ka san halinsa, icen da ya bushe ba ya lanƙwasuwa.

Dokar aiki ta hana ni faɗin sirrin mai kira, ko ga ɗan'uwa. To, su kore ni. Maganarka kaɗai yake ji, ka nemi hutu ka taho, kada ka jira ƙarshen wata.

Ka gaishe da Noreen, da 'yarku Tamsin, da ɗan autanku Angus. Ku sa mu a addu'a. Da can in waya ta yi ƙara gabana faɗuwa yake. Yanzu shirunta nake tsoro, Yaya. Wuri ɗaya Baba yake da shi na faɗin gaskiyar ciwonsa, ga shi ya san ni ce a can, ba zai sake kira ba.

Ƙanwarka,
Bronwyn