Kada a Yi wa Ƙofar Nan Fenti

Ni mahaifiyarku nake wannan magana, da hankalina garau, ba zafin ciwo ba ne, ba kuma wanda ya sa ni. Ƙafafu ne suka ƙi, kai yana nan daram. Na faɗa ne don na san ana raɗe-raɗi a tsakar gida wai tsohuwa ta fara ruɗewa.

Ban bar muku fili ba, ban bar gida ba. Abin da ke akwai shi ne ciki da falon nan na haya da na haife ku a ciki, kuma shi nake tsoron a raba ku da shi.

Na ɗaya. Ɗakin na Auta ne da 'ya'yanta. Mijinta ya rasu, albashinta na shara a asibiti kuwa ko ɗaki ɗaya a bayan gari ba zai kama ba a kuɗin yau. Dogo, kana da makwanci a garejinka. Malam, kana gidajen makaranta. Kada wani ya taso da zancen shi ne babba.

Na biyu. Kada a yi wa ƙofa fenti, kada a gyara tagar da ta tsage. In rufi ya yi yoyo a tara bokiti, a toshe daga ciki. Dogo ya san dalili. Shekarar da ya fara samun na kansa ya sayo fenti shuɗi, ya shafe mana bango tas, yana ta murna zai faranta wa uwarsa. Wata bai ƙare ba dillalin mai gida ya leƙo, ya yaba aikin har da tafi, sannan ya ce ɗaki mai kyau haka ai ya wuce tsohon kuɗi. Da hannunmu muka sayo wa kanmu ƙari! Ban ji haushinka ba, ɗana, amma na sha kuka. Tun daga nan duk sabon abu a tsohon buhu yake shigowa gidan nan.

Na uku. Dillali a gaishe shi a bakin ƙofa, kada a ba shi kujera. Shekara da shekaru mutumin nan bai taɓa tambayar lafiyata ba, yanzu ga shi kullum da lemo a leda wai dubiya. Baki na sannu, ido na auna falo. Rannan na lumshe ido kamar mai barci, sai na ji yana ƙwanƙwasa bango, yana son jin ko za a iya raba wurin gida biyu.

Abin da ke cin raina shi ne, wa ya gaya masa abin da likita ya ce? Mu huɗu muka ji. Ko mai shagon ƙofar gida ne ya ja bakin wani, ko wani ne ya kai da ƙafarsa. Malam, kwana biyu ba ka iya haɗa ido da ni, kuma na ji za a karɓe gidajen makaranta. In an yi maka alkawarin ɗaki mai sauƙi ne ka saki baki, na yafe. Amma ka sani rabin falon ƙanwarka za a ba ka.

Na huɗu. Ba mai bi na bashi. Haya an biya har ƙarshen shekara. Duk wanda ya zo bayana da zancen ragowa, ƙarya yake.

Na biyar. Ranar da na cika, kada a bar ɗakin ba kowa. Maƙwabciyarmu mai kitso ta tafi zaman makokin mijinta, ta dawo ta tarar da kayanta a waje, sabon kwaɗo a ƙofa. Dangi masu mota su ajiye ta can bakin titi, su tako da ƙafa.

Na shida. Dogo da Malam, gabar nan kan babur ɗin mahaifinku ta ishe ni. A sayar da shi, a ajiye kuɗin saboda haya mai zuwa.

Kun sha faɗa da ni don na ƙi kwanciya a asibiti, kuka ce taurin kai ne. To ku ji. Na taɓa durƙusa wa tsohon mai gida kafin ya rasu, ya yi mini alkawari a gaban ɗansa cewa muddin ina kwana a ɗakin nan ba za a sake ƙari ba. Ɗan yana riƙe da maganar, amma da ƙyar. Shi ya sa na lafe a gadon nan nake cije ciwo: duk watan da na ƙara, jikokina sun kwana a tsohon kuɗi.

Yanzu na gaji. Bayana ƙari zai zo, kuma albashin ɗayanku ba zai ɗauke shi ba, sai in kun haɗa ku ukun. Allah Ya yi muku albarka, Ya rufa muku asiri, Ya tsare ku daga mai raba tsakani. Ku riƙe juna, ku riƙe Auta. Ni dai na riƙe iya ƙarfina.