Makullin Ƙofar Ruwa Yana Wurina

Zuwa ga Babana, Baba Ishaku,

Ina gaishe ka a cikin sunan Yesu, kamar yadda ka koya mini in fara kowace takarda. Na sani ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma, da ninke ta za ka yi ka sa a aljihu, ka ce sai ka dawo daga bakin ruwa.

Yau kwana ashirin da uku da muka binne ka. Mama tana nan da sauƙi, sai dai har yanzu kofi biyu take fitarwa da safe, sai ta tuna ta mayar da ɗaya. Matan zumunta suna zuwa su taya ta hira. A coci babu wanda ya yarda ya zauna a bencinka na kusa da taga. Zafi ya shigo Talata Mafara da ƙarfinsa, shinkafar rani ta fara fitar da kai.

Ba labarin gida ne ya sa na ɗauki biro ba. Baba, na yi ƙarya, kuma a kan kayanka na yi ta.

Malam Garba, abokinka na wajen Bakura, ya zo bayan an tashi daga zaman makoki. Ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya tambaya cikin kunya ko mun ga makullin ƙofar ruwa, wannan ƙarfen mai lanƙwasa da kake murɗa ƙofar magudana da shi. Na dube shi ido cikin ido na ce ban gani ba. Alhali yana ƙasan akwatina, na naɗe shi a tsohuwar rigarka.

Ka san abin da wannan ƙaryar take nufi fiye da ni. Tun ina firamare nake jin labarin. Manoman da ke saman magudana suna tare ruwa, na ƙarshe gonakinsu suna bushewa, kuma lokacin sallar Juma'a ake yin satar, da babu kowa a gona. Har aka kai ga fasa wa wani kai da fartanya. Sai dattawan ɓangarorin biyu suka ce a ba Kiristan nan makulli, tunda ba shi da gona a sama ko a ƙasa, kuma ba ya tafiya masallaci. Kowace Juma'a da azahar ka juya ruwa zuwa gonakin ƙarshe, ka zauna gindin darbejiya kana gadi har a sauko. Ka yi ritaya daga aikin hukumar noman rani, ba ka yi ritaya daga wannan ba.

Kowa yana yabon wannan tsari. Ni kuwa, Baba, kishinsa nake yi tun ina yarinya, kuma ban taɓa faɗa maka ba.

Ranar Juma'a da wuri ake tashinmu daga makaranta. Ina dawowa gida da gudu, sai in tarar da gurbin kekenka kawai. Lahadi ta Allah ce, ban yi gardama ba. Amma Juma'a fa? Me ya sa ta zama ta mutanen da ko sunansu ban sani ba? Ranar da na haifi 'yata, sai bayan la'asar ka iso asibiti, da taɓo har gwiwa. Ka ɗauke ta ka yi dariya, ka ce ga Jummai. Kowa ya yi dariya, ni na juya fuskata bango.

Na tuna amsar da kake ba Mama idan ta yi mita. Ka ce ba za ka iya durƙusawa gaban Almasihu ranar Lahadi ba, alhali ka bar maƙwabcinka da ƙishirwa ranar Juma'a. Ka ce idan gonar wani tana kore ta wani tana ƙonewa, to ba salama ake ciki ba, shiru ne kawai kafin faɗa. Lokacin da wani mai hali ya aiko maka da buhun shinkafa don ka ƙara masa awa biyu, a keke ka mayar masa da kayansa da rana tsaka. A ranar tuwon dawa muka ci da miyar kuka babu nama. Na ji alfahari, ban musa ba. Amma ko Yesun da kake bi ai ya ɗauki yara ya ɗora a cinyarsa. Ni yaushe ne rabona ya zo?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne asibiti. Kwana tara ina jinyarka, ni ke juya ka, ni ke ba ka kunu da cokali. Ranar ƙarshe ka buɗe ido, na matso da kunnena. Sai ka tambaya ko ruwa ya kai gonakin ƙarshe. Shi ke nan, Baba? Abin da ka bar mini ke nan?

Ranar jana'izarka manoman sun zo daga Dakko, sun zo daga Damaga duk da halin da hanyar Maradun take ciki. Suka tsaya a wajen coci cikin rana har aka gama sujada. Fasto ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana kuka, tana cewa sun rasa uba. Allah Ya gafarta mini, so na yi in fizge hannuna in ce mata uban nawa ne, ita ta je ta nemi nata.

Shi ya sa na ɓoye makullin. Na ce sun ci Juma'o'inka duka, wannan ƙarfen dai ba za su samu ba.

Jiya Malam Garba ya dawo. Bai sake tambayar makulli ba, kuma ina jin ya gane. Ya dai gaya wa Mama cewa Juma'a huɗu ke nan ƙofar tana yadda ka bar ta, shinkafar ƙarshe ta fara naɗe ganye. Kowane maƙeri zai iya ƙera wani makullin, amma babu ɓangaren da zai yarda ɗayan ya riƙe. Waɗanda gonakinsu ke bushewa sun fara zancen fasa ƙofar da guduma, ya ce ba zai iya riƙe su ya wuce wannan Juma'ar ba.

Da zai tafi sai ya kira ni da sunan da kai kaɗai kake kirana, 'Yar Baba. Ashe duk bakin magudanar nan sun san ni. Sun san shekarar da na zo ta ɗaya a aji, sun san ranar da na samu aikin koyarwa, sun san lokacin da Jummai ta fara haƙori. Wai idan aka sauko daga masallaci ba ka da wata hira sai tawa, har suna yi maka tsiya.

Ka yi tsammanin wannan zai sanyaya mini rai? Ƙara hura ni ya yi. Shekara talatin kana yabona a gindin bishiya gaban manoma, ni ban taɓa ji daga bakinka ba. Har wannan ma su ka ba.

Na ciro makullin ɗazu. Ya fi yadda nake zato nauyi, wurin riƙonsa ya yi sumul saboda tafin hannunka. Na je na faɗa wa Mama gaskiya, sai ta miƙo mini hularka ta malafa.

Ba zan ba Malam Garba ba, ba zan ba kowa ba. Ni ma ba ni da gona a sama ko a ƙasa, kuma har yanzu da wuri ake tashi daga makaranta ranar Juma'a. Kada ka ɗauka na huce, ban huce ba. Zan je in murɗa ƙofar, in zauna inda kake zama har a sauko, su zo su faɗa mini duk abin da ka ce a kaina, ɗaya bayan ɗaya, kada su rage ko kalma.

Ka huta a wurin Ubangijinka, Baba. Juma'ar gobe dai tawa ce.

'Yarka mai fushi da kai har yanzu,
Rifkatu