Idonki na Hagu

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta taɓa zuwa hannunki ba, amma maganar da ke cina ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Ina Alƙahira. Jami'arku ta can gida za ta sa sunanki a ɗakin gwajin haske da kika kafa, aka ce ni zan yi jawabi kan ƙuruciyarki da karatunki. Da na zauna rubutawa sai na ga abin da na sani bai cika shafi ba. Na san kin yanka gwangwanin madara, kin goge cikinsa da toka, kin kafa shi a bayan fitilar ƙwai don haske ya sauko kan littafinki, har Kaka ta zane ki don ta zaci gobara za ki jawo. Na san ke ce mace ta farko a yankinku da ta zo Masar karatun kimiyyar haske. Iyakar sanina ke nan. Shi ya sa na taho neman Anti Nafisa, Bahaushiyar Sudan ɗin nan da kuka zauna ɗaki ɗaya.

Tana unguwar Hayyin Ashir a wurin ɗanta Usman. Ta tsufa ƙwarai, Umma, hankalinta yana zuwa yana komawa. Ina shiga ta kira ni da sunanki. Ta kama haɓata ta juya ni wajen taga, tana leƙa idona na hagu, tana tambayata ko na ɗiga magani yau.

A bakinta na ji sauran, gutsure-gutsure. Wai a shekararki ta biyu kika fara ganin zobe kamar bakan gizo kewaye da kowace fitilar titi a Darrasa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma kafin a shawo kansa na hagun ya mutu. Kika roƙe ta kada labari ya je gida, don kin san mahaifinki zai ce ki tattaro ki dawo. Ita da take karatun fiƙihu, ita ta riƙa karanta miki littattafan kimiyya da baki don ki hutar da na daman, tana tuntuɓe a kan lissafi kina gyara mata kuna dariya. Haka kika ci jarrabawa.

Ashe shi ya sa kike karkata kai idan ana miki magana. Ashe shi ya sa kika bi makarantun firamare kina auna haske a kan bencin yara, kina faɗa da hedimastoci kan a buɗe tagogi. Mu muna cewa tsananin son aiki ne.

Me ya sa ba ki gaya mini ba? Baba ya sani kuwa?

Umma, tun bayan babbar salla nake ganin zoben nan a fitilun motoci. Na ce gajiya ce. Ko Abban Hanifa ban gaya wa ba. Yanzu na ji ciwon yana bin jini, kuma tun jiya ba kaina kaɗai nake tunani ba, jikarki Hanifa nake tunani, wadda kowa ke cewa idonki ta ɗauko. Idan na makara fa? Idan duka biyun ne? Ke kin yi shekaru kina aiki da ido ɗaya ba wanda ya ji kukanki. Ni ban san ko ina da irin zuciyarki ba.

Usman ya samo mini likitan ido a Dokki, gobe da safe. Yana ta ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, komai zai zama tamam. Anti kuwa ta kafe sai ta raka ni, ta ce ba ta taɓa barina na je asibiti ni kaɗai ba. Har ta sa an goge mata mayafi. Usman ya so ya fahimtar da ita ko ni wace ce, na hana shi. Gobe idan ta riƙe hannuna a layi ta kira sunanki, zan amsa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya sada mu da alheri.

'Yarki,
Maryam