Na roba za ki sayo, ba na ƙarfe ba

Mamana,

Na fita kina barci, baffanki zai kai ni asibitin ido. Ban so in tashe ki ba.

Jiya a sabon ofishin nan na matse kawunan wayar kwamfuta na ɗaki guda, na'urar gwaji ba ta karɓi ko ɗaya ba. Ashe waya mai launin ruwan lemo da mai ruwan ƙasa sun zame wa idona abu ɗaya. Mai ofishin gilashin idonsa kawai ya cire ya miƙo mini. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kawunan duk na lalata su. Ki biya shago ki sayo wasu, na roba garau, waɗanda ake hango jerin wayoyin ta ciki. Kar mai shagon ya lallaɓe ki da masu rigar ƙarfe. Wayarmu ba ta da rufin ƙarfe a ciki, ba abin da za su tsinana mana. Ki tafi da guntuwar wayar ki gwada.

Filayata ta matse kawunan waya tana kan tebur. Yau ba aro na ba ki ba.

Babanki