Hannun Baba da Askin Suna

Dingyaɗi,
14 ga Nuwamba, 1983.

Zuwa ga Yayana Husaini,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman Kaduna? Mu nan sai godiya. Inna da Baba suna gaishe ka. Na leƙa Shagari na ga Zulaihatu gidan iyayenta, cikinta ya fara fitowa amma lafiyarta lau, ta ce in gaida maigidanta.

Saƙonka ya iso ta hannun direba. Da na kwance na ga ɗan abin nan mai gilashi da maɓalli biyu, na ɗauka agogo ne kawai, don yana nuna lokaci. Na bi maganarka, na kai Baba asibiti Sakkwato, na nuna wa matar nan mai koya wa marasa lafiya motsa jiki. Ita ta fara dannawa tana dariya, sannan ta sa shi hannun Baba. Ta ce ciwon rawar hannun nan daga ƙwaƙwalwa yake, ba ya warkewa, a hankali yake ci. Amma in yana wasa da abin nan safe da yamma, yatsun ba za su yi saurin sandarewa ba. Ta ce kullum, kamar cin abinci.

Da fari Baba ya ƙi. Wai Sarkin Aska guda, da furfurarshi, a ba shi abin wasan yara. Na bar mishi shi bisa tabarma na tafi gonar albasa. Ko da na dawo na iske shi yana faɗa da gilashi. Akwai wani ɗan mutum a ciki da faranti a ka, yana gudu hagu da dama yana tarar abubuwan da ke faɗowa. Baba ya ce wanga ai Ɗanmusa ne, malalacin nan da ya taɓa koyon aski wurinshi ya gudu. Yanzu da an sauko daga sallar asuba sai ka ji: "Tare, ɗan banza! Dama na ce, dama!" Inna tana tuƙa kunu tana dariya har da hawaye.

Ga abin da na lura. In hannun yana bisa cinya, rawa yake kamar ana kaɗa shi. Da ya fara danna sai ya lafa, ko ya ajiye yakan ɗan jima kafin rawar ta dawo. Baba ma ya lura, kuma nan damuwata take. Jiya ya ce in Allah ya sauki Zulaihatu lafiya, shi zai yi askin suna da hannunshi. Ka san ni nake zama rumfarshi ta Bodinga ranar kasuwa, ni nake ɗaura mishi rawani, ni nake sa mishi maɓallin riga. Kai ne uban yaro, ka rubuto abin da ka gani.

Ƙanenka,
Maniru.

Dingyaɗi,
20 ga Fabrairu, 1984.

Yaya Husaini,

Bayan gaisuwa, ina fata jikinka da sauƙi daga zazzaɓin da ka ce. Na ji labarin korar ma'aikata a masaƙarku, Allah ya tsare. Kada ka nemi hutu saboda suna, mun gane.

Na karanta wa Baba takardarka yadda take, ban rage komai ba: cewa ba ka yarda aska ta taɓa kan jariri a hannunshi ba, a kira Malami wanzamin Shagari. Na naɗe takardar. Sannan ya ce: "Ni nay yi ma ubanai aski, ko ɗigon jini ba a gani ba. Jikan Sarkin Aska a kai ma Malami? Malamin da nak koya ma riƙon ƙaho?" Inna ta ce ya yi haƙuri. Ya ce ta kula da tukunyarta.

Wata matsalar kuma ita ce batir. Tun da soja suka karɓi mulki komai ya ɓace daga kanti, sabulu ma sai an bi layi. Ɗan mutumin cikin gilashi ya fara dushewa, sai ka karkata shi kafin ka gan shi. Na bi masu gyaran agogo na Bodinga, na shiga kasuwar Sakkwato rumfa rumfa. Wani ya ce in dawo wata mai zuwa, wani ya yi mini dariya kawai.

Da Baba ya ji haka, sai ya naɗe abin cikin tsumma ya cusa can ƙasan zabirarshi, ƙarƙashin ƙahonin. Ya ce ba zai sake taɓa shi ba sai safiyar suna. Ran nan zai yi wasan, hannun ya kwanta, ya yi aski kafin rawar ta dawo. Na ce Baba, matar nan cewa ta yi kullum. Ya ce matar nan albashi take ci, ba ta taɓa ganin shekarar yunwa ba, shi ya gani, kuma ya san yadda ake ɓoye iri har ruwa ya sauka. Na yi magana sau da yawa. Na gaji, Yaya.

Tun da ya daina, gidan ya yi tsit da safe. Yatsun sun ƙara tauri. Kunu rabi a baki rabi a riga, carbi kuma yana kuɓuce mishi tsakiyar lazimi, sai in yi kamar ban gani ba in tura mishi da ƙafa. Da yamma yakan fito da askarshi ya goge ta bisa fata ya mayar.

Na zana maka girman batir ɗin a ƙasan takardar nan, biyu yake ci. Don Allah ka duba Kaduna.

Naka,
Maniru.

Dingyaɗi,
9 ga Afrilu, 1984.

Yayana Husaini,

Gaisuwa da barka. Allah ya raya Ummaru, ya yi mishi albarka kamar mai sunan. Zulaihatu tana lafiya, tana shan kunun kanwa. Yaron kamanninka ne sak, har kunnuwan.

Bari in ba ka labarin ranar suna, don na san shi kake jira.

Da gari ya waye Baba ya zauna ƙofar ɗaki ya kwance tsumman nan. Gilashin fari fat, babu kowa. Ya danna, ya girgiza, ya ɗora shi a rana ya ɗumama, ya sake dannawa. Daga baya mai gyaran agogo ya gaya mini agogon da ke ciki ba ya tsayawa, ko a naɗe yake yana cin batir. Wato duk watannin da Baba ya hana kanshi, abin yana can ƙasan zabira yana ƙarewa shi kaɗai.

Ya daɗe yana kallon gilashin. Sai ya ce in cire hula in zauna. Na zauna na ba shi kai ya gwada aska. Jan farko da na biyu sun tafi sumul, har na fara murna. Sai na ji zafi bayan kunne, jini ya gangaro wuyana. Ya danne wurin da babban yatsa har ya tsaya. Na mayar da hula bisa rabin aski muka hau mota.

A Shagari, bayan an raɗa suna an raba goro, gwaggon Zulaihatu ta fito da jariri zaure. Malami yana nan da zabirarshi, ya durƙusa ya ce: "Sarkin Aska, ranka ya daɗe, wuri naka ne." Surukanka duk suna zaune. Baba ya buɗe askar, bakinta yana ta walƙiya saboda rawar hannun. Ni ina gefe da ƙwaryar ruwa da sabulu, ina kallon maɗigar yaron tana motsi. Na yi niyyar in ya miƙa hannu in kama wuyan hannun gaban mutane. Ban sani ba ko da zan iya.

Sai Baba ya tsoma yatsa cikin ƙwaryar ya ɓata rai. Ya ce: "Dubi sakarai, haka ake jiƙa kan jariri? Ba ni nan. Riƙe wanga." Ya karɓi ƙwaryar ya sa mini aska a hannu. Aikin ɗan koyo ya ɗauka, Yaya. Ya shafa ruwa da bayan yatsu a hankali, yaron ko motsi bai yi ba. Ni kuwa ban taɓa aske jariri ba. Ya tsaya a kaina: "Daga goshi. Kwantar da bakin. Kauce ma maɗiga, kai, ba gona kake nomewa ba!" Mutane suna dariya, ni gumi ya jiƙe mini riga. Malami ya sunkuyar da kai bai sa baki ba, Allah ya saka mishi. An gama babu ko ƙwarzane.

Batir ɗin da ka aiko ya iso bayan suna. Na sa, ɗan mutumin ya dawo baƙi ƙirin. Baba ya ce a ajiye, na ce a'a. Yana yi safe da yamma, amma ya daina zagin shi.

Ranar suna, a hanyar dawowa, da muka wuce Bodinga Baba ya juyo wurina. Ya ce in rubuta maka cewa shi ya yi askin. To, na rubuta abin da ya ce, na kuma rubuta abin da ya faru. In za ka ba da amsa, don Allah ka yi mishi godiyar askin, ka yi ta da kyau. Ni zan karanta mishi.

Inna tana gaishe ka.

Ƙanenka,
Maniru.