Ɓatan Kibiya a Kwamfutar Malam

Gummi, Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanena Abdulmajid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Lubna da yara. Yaya karatu, yaya zaman baƙunta a Malesiya? Allah ya ba da sa'a, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana cikin takabarta, ta fara taɓa abinci yanzu, sai dai ciwon ƙafar nan da ke tasar mata duk damina. Ƙanwarmu Dija ta dawo gida don ta riƙa kwana da ita, mijinta ya yi mana karamci. Ruwa ya yi yawa bana, gulbi ya hau fadama ya ci mana gefen shinkafa, amma abin da ya rage ya yi kyau. Makarantar mahaifinmu Malam kuwa ina riƙe da ita gwargwadon hali, ko da yake har yau in na zauna a kan buzunsa sai in ji kamar aron wuri na yi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Dalilin rubuto maka shi ne aikin da ka ɗora mini, na kwashe tafsirin Malam daga tsohuwar kwamfutarsa zuwa baƙin akwatin ajiyar da ka aiko. Na zaɓi takarda saboda waya ba ta barinmu mu kai ƙarshen magana, kuma akwai abin da bakina ba zai iya faɗa ba. Ka tuna ranar da na kara maka waya ka ji ƙas-ƙas ɗin da take yi, ka ce faifan cikinta ne ke mutuwa, in ya tsaya shi ke nan, muryar Malam ta tafi. Na san abin da ya fi tsaya maka a rai shi ne zaman rufe tafsirin bana, wanda ya yi maka addu'a da sunanka, tunda Allah bai nufe ka da samun jana'iza ba. Ka ce aikin ba wuya, in buɗe manhajar ajiya, in kai kibiya kan koren maɓalli da ke can gefen dama, in danna, in tafi harkata. Kai da ke wayar gari da waɗannan abubuwa komai a wurinka ba wuya. Ni kuwa ka san hannuna, fartanya da tawada ya sani.

To, na bi abin da ka ce. Na buɗe manhaja, na ja linzami, abin nan na tuƙa kibiya, zuwa dama, na danna, ban ga wani abu ya faru ba. Na sake turawa, sai kibiya ta bi gefen allo ta ɓace. Na juya linzami, na ɗaga shi na hura ƙasansa, na goge shi da hannun riga, shiru. Wani lokaci ta leƙo ta koma, kamar ɓeran da ya ga mutum. In na kashe na kunna sai in same ta zaune a tsakiya, da na nufi maɓallin nan kuma ta sake tafiya. Ka ce in canja linzami, na aro na wani malamin firamare, duk kanwar ja ce. Ka ce in yi ta danna madannin da aka rubuta wa Tab har in isa koren maɓallin, na yi ta dannawa har yatsana ya gaji, ban ga inda na isa ba. Ka ce in sauke manhajar in sake ɗora ta, wannan kam ya ci mini yini guda, ina tsaye bakin katanga ina farautar sabis. Kamalu, ɗalibin Malam da ke ɗaukar tafsirin, shi ya san kanta, amma tun bayan addu'ar bakwai ya bi masu haƙar zinari wajen Anka, wayarsa ba ta shiga.

Da abin ya ishe ni na zare duk igiyoyin da ke jikinta, na naɗe ta a darduma, na hau babur zuwa shagon Bashir mai gyara a bakin kasuwa. Ka san halin mara lafiya, da ya ga likita sai ya warke. A gaban Bashir kibiya ta zaga ko'ina, ta hau koren maɓalli ta zauna daram. Ya dube ni ya ce lafiyarta ƙalau, in kawo akwatin a yi aikin nan take. Sai a lokacin na tuna na baro shi a gida. Na komo, na mayar da kowace igiya raminta kamar yadda Malam ya bar su, don ka san ban yarda a gusar da ko alƙalami ba a ɗakin nan. Ina buɗe manhaja kibiya ta yi tafiyarta. Ga shi jijjigar hanya ta ƙara mata ƙas-ƙas, har ka yi mini faɗa ka ce kada in kuskura in sake ɗora ta a babur. Wallahi Abdulmajid na gaji. In fito fadama da taɓo har gwiwa, in biya wa yara karatu, in zo in zauna ina neman abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Kowace kunnawa kuma ina jin kamar ni ne ke rage mata kwana.

Ranar nan da rana na shiga gaishe da Inna, na zauna bakin ƙofa ina yi wa Dija ƙorafi, ina kwatanta mata kibiyar da yadda take gudu. Inna tana jan carbi, ba ta tanka ba, ka dai san kunyar da ke tsakaninta da ni ɗan farinta. Sai bayan la'asar Dija ta same ni a ɗakin Malam, na tasa kwamfuta gaba na zabga tagumi. Ta ce Inna ta ce a tambayi wancan, abin da ya ɓata masa fari ne ƙarami mai tsinin baki? Na ce shi ne. Ta ce to Inna ta ce in zo in ɗauki abina, yana ɗakinta.

Ka san talabijin ɗin ɗakin Inna, wadda ta lulluɓe da zane tun ranar rasuwa ta ce ba mai kunna ta sai ta fita takaba. Na tarar an ɗage zanen, tana kunne, fuskar Malam ta cika ta, wannan hoton nasa mai farin rawani da ke kan allon kwamfuta. Ga kibiyata zaune a kan kafaɗarsa. A gefe kuma ga ɗan akwatin rubutu na manhajar, yana tambaya ko a fara kwashewa, yana jiran a ce e. Ashe ɗaya daga cikin igiyoyin da nake mayarwa da ladabi ba ta caji ba ce. Ta bayan kantar littattafai ta bi, ta huda bango ta shiga ɗakin Inna. Kamalu ne ya ja ta da azumi, don Inna da matan maƙwabta su riƙa kallon tafsirin jiya daga ɗakinta, ni lokacin ina fadama wajen noman rani. Kwamfuta ta ɗauki talabijin a matsayin ci gaban allonta ta dama, duk turin da nake yi ɗakin Inna nake tura kibiya.

Dija ce ta ba ni sauran labarin daga baya. Ta ce kullum bayan la'asar, in ta fita ɗora tukunya, Inna kan ɗage zanen ta kunna, don ta gane in ina zaune gaban kwamfuta fuskarsa na fitowa. Ta daɗe tana ganin ɗan farin abu yana yawo a fuskar, ta ɗauka ƙwaro ne, har ta sa gefen mayafi tana korarsa. Tun ranar da ta fara jin ƙorafina ta gane, amma faɗa yana nufin 'ya'yanta su san tana zama kallon mijinta. Sai da ta ji na ce muryar na iya tafiya gaba ɗaya, sannan ta daure ta aiko. Matar da shekara da shekaru ba mu taɓa jin ta kama sunansa ba.

Na san za ka ce da na zare igiyar kawai komai ya dawo gabana. Na yi tunanin haka, amma Inna na zaune, ban iya ɗauke mata fuskar ba. Sai na koma ɗakin Malam na riƙe linzami, Dija ta tsaya gaban talabijin tana yi mini jagora ta ramin bango, hagu kaɗan, ƙasa, ka wuce, dawo, kamar ana jan makaho. Da ta ce in danna na yi bisimilla na danna. Ta ce wani koren layi ya fito yana tafiya. Haka ya yi ta rarrafe, faifai na ƙas-ƙas, ni ina salati, har ya kai ƙarshe.

Washegari na kai akwatin shagon Bashir muka duba. Ba duka aka samu ba. Wasu zama na shekarun baya sun ƙi buɗewa, kuma ba na raba ɗaya biyu kashewa da kunnawar da na yi ta yi ce ta ci su. Wannan yana damuna, amma abin da ya zube ya zube. Zaman rufewa yana nan. Hoton ya daskare a tsakiya, muryar kuwa garau. Na ji shi da kunnena yana cewa Allah ya buɗa wa Abdulmajid, ya dawo da shi da ilimi mai amfani. Sai da na fita bayan shago na ɗan tsaya. Bashir ya ce zai turo maka shi da zarar sabis ya yi kyau.

Kwamfutar kuwa ba ta ƙara kwana uku ba. Na kunna ta da safe ta yi ƙara ɗaya, allo ya tsaya baƙi. Na kai wa Inna akwatin na ajiye a gabanta, na ce wa Dija ta gaya mata duk karatun Malam na ciki. Ta ɗauka ta jujjuya shi, ta duba gaba ta duba baya, ta tambayi Dija ta ina ake leƙawa. Da aka ce mata sai da kwamfuta, sai ta naɗe shi a ɗankwali ta sa ƙarƙashin matashinta. Ba ta roƙi komai ba, kuma ka san ba za ta roƙa ba. Amma har jiya ina zaune a ɗakin Malam bayan la'asar, na ji ta ramin bango an kunna talabijin, an ɗan jima, an kashe.

Saboda haka in ka samu mai zuwa gida, ka aiko da kwamfuta ko tsohuwa ce. Ba sai mai kyau ba, ta dai kasance tana da ramin da igiyar nan za ta shiga, ka kuma sa hoton mai farin rawani a kan allonta tun daga can. Igiyar tana nan inda take, ban taɓa ta ba. In kun yi waya da Inna kada ka nuna mata ka san komai.

Ka gaishe mini da Lubna da kyau, ka shafa mini kan Saminu da Fauziyya, ka ce Baba Maharazu na tambayar inda suka kai a karatu. Dija da maigidanta suna gaisuwa, haka Kawu Labbo na Gwashi da ya zo mana kwanan baya. Inna ta ce a ce Allah ya yi maka albarka. A ci gaba da sa Malam a addu'a.

Wassalam. Ni ne yayanka,

Maharazu.